Gero Da Dawa A Gona Guda: Nasiha Ga Ma'aikata A Kan Rarraba Ajiya

Mu da aikin duba makarantu ya ke kai mu ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Kunchi da Minjibir, akwai wata tambaya da malamai da akawunan ƙananan hukumomi su ke yawan yi mana bayan an gama maganar aiki. Su kan ce, ɗan abin da mutum ya rage daga albashinsa, ina zai sa shi ya tsira? In ya bar shi a banki, tsadar kaya ta cinye shi yana ji yana gani. In ya ba wani ya juya masa, sau da yawa uwar kuɗi da riba su kan tafi tare. Tambayar nan ba ta wasa ba ce, gama abin da a ke magana a kansa shi ne kuɗin karatun 'ya'ya, da na aurar da su, da abin da mutum zai ci tsakanin ranar da ya ajiye aiki da ranar da fansho ya fara zuwa.

Don haka muka ga ya kamata mu yi bayani a kan wata hanya ta ajiya wadda Ingilishi su ke kira yunit turas, mu kuwa za mu kira ta asusun haɗaka. Za mu faɗi yadda a ke rarraba kuɗi a cikin irin waɗannan asusu, da yadda a ke daidaita rabon in ya karkace. Amma kafin mu kai can sai mu fara daga gona, don a can ne asalin dabarar ya ke.

Abin Da Manoma Suka Riga Mu Sani

Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da mutane suka fi cunkushewa a ƙauyukan Afirka ta Yamma. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, tare da abokin aikinsa sun buga bincike a kanta a 1965, suka nuna ƙasa ce mai mutum fiye da 350 a ko wace murabba'in mil, inda a ke nome gona ko wace shekara ba hutu, taki ne ya ke riƙe da ita. Wanda gonarsa ba ta wuce eka biyu ko uku ba, ba shi da halin yin caca da damina. Shi ya sa za ka ga ya shuka gero da dawa a gona guda, ya bi tsakani da wake ko gyaɗa. Gero ya kan nuna da wuri ya fid da gida daga yunwar tsakiyar damina. Dawa tana jinkiri, ta ci gajiyar ruwan ƙarshe. Wake ya ba da ƙwaya, harawarsa ta ciyad da tumaki, tumaki su mai da taki gona. In yana da rabo a fadama, ko a bakin dam ɗin Tomas ko na Watari, da rani ya yi lambu. In babu, ya kama saƙa ko ɗinki, ko ya tafi cin rani.

Da can waɗansu malaman gona sun ɗauki wannan cakuɗa a kan rashin sani, suna ta kiran a ware ko wane iri a gonarsa. Sai da David Norman da abokan aikinsa na Samaru suka zauna suka auna gonakin ƙauyukan Zariya daga wajen 1966, suka tarad da gonar da aka cakuɗa ta fi ba da amfani a eka, kuma amfaninta ya fi tabbata daga shekara zuwa shekara. A Amurka kuma, a 1952, Harry Markowitz ya nuna da lissafi cewa in aka haɗa dukiyoyi waɗanda ba su tashi tare, ba su faɗuwa tare, haɗarin duka ya kan ragu ba tare da riba ta ragu daidai da haka ba. A kan wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a 1990. Abin da ya rubuta da alƙaluma, shi ne manomin Gezawa ya ke yi da sungumi.

Shekarun Da Suka Koya Wa Mutane Hankali

Tsofaffin ƙasar nan ba su manta da gyaɗa ba. Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912 ta zama ita ce kuɗin haraji, ita ce kuɗin aure, har dalar gyaɗa ta zama alamar Kano a duniya. Sai fari ya zo a 1972 da 1973, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, ta share gonaki. Wanda ya ba gyaɗa gonarsa duka ya wayi gari ba kuɗi ba hatsi. A 1983 kuma bushiya ta faɗa wa shanu, fari ya sake dawowa, masu cewa dukiya sai ta kan ƙafa huɗu su ma suka ɗanɗana.

Masu takarda ba su tsira ba. A ranar 5 ga Maris 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Nijeriya ya kai 66,371, mutane suna ta cin bashin banki suna sayen hannun jarin bankuna. Kafin Maris na 2009 ya ƙare ma'aunin ya faɗo wajen 20,000, bai kuwa sake kaiwa inda ya ke ba sai a Agusta 2023, watau bayan shekara 15. A 2025 ma farashin hatsi ya karye, waɗanda suka zuba kuɗinsu duka a buhunan masara da gero suna jiran tsadar bazara suka sayar da hasara. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya ke mugun abu ne a kan kansa. Gyaɗa da shanu da hannun jari da hatsi duk dukiya ce ta halal. Abin da ya karya mutane shi ne tsayawa a kan ƙafa ɗaya.

Mene Ne Asusun Haɗaka

Kowa ya san adashi, inda a ke zubi, wani ya ɗauki hannu ɗaya, wani biyu. To, asusun haɗaka ya yi kama da shi ta wajen zubi, ya bambanta ta wajen kwasa. Mutane dubbai ne su ke zuba kuɗi wuri guda, wani kamfani mai izini ya sayi hannun jarin kamfanoni da yawa ko takardun gwamnati da kuɗin, sa'an nan a raba dukiyar hannu hannu, ko wane hannu daidai da ɗan'uwansa. In dukiyar asusu duka ta kai naira miliyan 100, hannaye kuma miliyan ɗaya ne, ko wane hannu naira 100 ke nan. Dukiyar ta hau, hannunka ya hau. Ta sauka, ya sauka. Ran da ka ke bukatar kuɗinka sai ka mai da hannayenka, a biya ka bisa farashin ranar cikin 'yan kwanaki. Waɗansu asusun su kan karɓi naira 5,000 a zubin farko, saboda haka malamin firamare yana iya mallakar ɗan yanki a kamfanoni da yawa, abin da ba zai iya ba in shi kaɗai ne.

Dabarar ba sabuwa ba ce. An kafa irin wannan asusu a birnin Boston na Amurka a 1924, a Ingila kuma kamfanin M&G ya buɗe na farko a 1931. A ƙasarmu kasuwar hannun jari ta fara ciniki a Ikko a 1961, ta buɗe reshe a Kaduna a 1978, a Kano kuma a 1989. Hukumar da ke kula da wannan hada-hada, wadda a ke kira SEC a taƙaice, an kafa ta a 1979, dokar da ta ke aiki da ita kuwa an sabunta ta a 2025.

Akawunan da suka gaji aikin En'e sun san ƙa'idar Baitulmali, cewa mai ba da umurnin biya dabam, mai riƙe da mabuɗi dabam, mai binciken littafi dabam. Haka doka ta tsara wa asusun haɗaka. Akwai manaja, shi ke zaɓen abin da za a saya. Akwai ma'aji, watau bankin da dukiyar ta ke hannunsa. Akwai amintattu, waɗanda su ke tsaya wa masu zubi su ga an bi sharuɗɗa. Akwai kuma odita mai duba lissafi ko wace shekara. Duk inda ka ga mutum ɗaya ya haɗa waɗannan ayyuka a aljihunsa, to, ka kama kuɗinka. Amma fa a sani, inshorar da hukumar NDIC ta ke yi wa ajiyar banki ba ta shafi asusun haɗaka ba, ba kuwa wanda ya lamunce maka riba a cikinsa.

Irin Asusun Da A Ke Da Su

Na farko shi ne na gajeren wa'adi, wanda ke sayen takardun da a ke biya cikin watanni kaɗan. Shi ne geron ajiya, ba ya yawan hawa da sauka, ana kuwa samunsa da wuri. Na biyu shi ne na takardun dogon wa'adi, masu ba da abin da aka ƙayyade shekara shekara. Na uku na hannun jarin kamfanoni, shi ya fi kowa riba in shekara ta yi kyau, shi ya fi kowa faɗuwa in ta ɓaci. Akwai na dala, akwai na gidaje da filaye, akwai kuma wanda manaja ya riga ya cakuɗa da kansa.

Mun sani galibin masu karatunmu abin da za su fara tambaya shi ne maganar kuɗin ruwa, gaskiyarsu kuwa, don yawancin asusun gajeren wa'adi da na dala a kan takardun bashi masu ruwa su ke. Amma akwai asusun da aka tsara bisa shari'a, masu majalisar malamai da ke duba abin da a ke saye. Kamfanin Lotus Capital ya buɗe irin wannan a 2008, waɗansu kamfanoni kuma suka biyo baya. Su ba su sayen hannun jarin kamfanin giya ko na caca ko bankin ruwa. A madadin takardun bashi su kan sayi sukuk, su kan kuma yi cinikin murabaha da na haya. Gwamnatin Tarayya ta fid da sukuk ɗinta na farko a 2017, na naira biliyan 100, mai wa'adin shekara 7, aka yi hanyoyin mota da kuɗin, masu takardun kuwa kuɗin haya aka riƙa biyansu. Saboda haka mai gudun riba ta haram yana iya samun gero da dawa da wakensa duka a wannan gefe.

Yadda A Ke Ƙulla Rabo

Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Kafin mutum ya sa ko kwabo a asusu, sai ya tabbata akwai hatsin shekara a rumbu, ya biya bashin da ke kansa, ya kuma ware abin da zai riƙe gida wata uku ko fiye, in albashi ya yi jinkiri ko ciwo ya zo. Wanda bai yi haka ba tilas za ta sa ya sayad da hannayensa ran da kasuwa ta faɗi.

Bayan wannan sai ya ɗauki takarda ya rubuta duk abin da ya mallaka, ya dubi abin da ko wanne ya rataya a kai. A nan ne mutane da yawa su ke ruɗin kansu. Gona da hatsi da tumaki abu uku ne a ido, amma ruwan sama guda ne ya ke riƙe da su, fari ɗaya ya ke kwashe su tare. Albashi da fansho da takardun gwamnati su ma uku ne a ido, amma duk daga aljihun hukuma su ke fitowa. Ma'aikacin karkara kusan ko yaushe dukiyarsa a kan waɗannan turaku biyu ta ke. Amfanin asusun hannun jari gare shi shi ne ya kafa masa turke na uku, watau kamfanonin siminti da na waya da na abinci, waɗanda cinikinsu bai tsaya a kan daminar Bichi ba. Haka nan sayen asusu uku waɗanda duk hannun jarin kamfanoni guda su ke riƙe da shi, daidai ya ke da shuka gero zalla a gona uku da ke maƙwabtaka. A nemi takardar da ko wane asusu ya ke fitarwa, a ga abin da ke cikinsa.

Sa'an nan a dubi lokaci. Kuɗin da za a bukata cikin shekara ɗaya ko biyu, kamar na makarantar yaro, wurinsa asusun gajeren wa'adi. Wanda ba za a taɓa ba sai bayan shekara 5 ko 10, shi ne za a iya kai wani kashi nasa hannun jari. Saurayin da ya fito daga kwalejin horon malamai bara yana da shekarun da zai jira kasuwa ta farfaɗo. Hedimasta da ya rage masa shekara 3 ya ajiye aiki ba shi da su, sai ya rage nasa kason. Hukumar fansho ta ƙasa ma tun 2018 haka ta rarraba kuɗin ma'aikatan da ke ƙarƙashinta, na masu ƙuruciya ya fi yawan hannun jari, na waɗanda suka kai shekara 50 ya fi yawan takardu masu kwanciyar hankali.

Daidaita Rabo In Ya Karkace

Bari mu buga misali da lissafi, alƙaluman kuwa namu ne na misali kawai. Wani malami ya tara naira 200,000, ya yanke wa kansa ƙa'ida: rabi a asusun sukuk, kashi 30 cikin ɗari a na hannun jari, kashi 20 a na gajeren wa'adi. Ya zuba 100,000 da 60,000 da 40,000 ke nan. Shekara ta zagayo da albarka, sukuk ya zama 110,000, hannun jari ya zama 96,000, na gajeren wa'adi 44,000, jimla 250,000. Yanzu hannun jari ya haura kashi 38 cikin ɗari, watau haɗarin da malamin nan ke ɗauke da shi ya wuce abin da ya yarda da shi tun farko, ko da ya ke bai taɓa kome ba. Bisa ga ƙa'idarsa, kamata ya yi a sami 125,000 da 75,000 da 50,000. Sai ya fid da 21,000 daga hannun jari, ya ƙara wa sukuk 15,000, ya ƙara wa ɗayan 6,000. Ya daidaita ke nan.

To, a ce shekara mai zuwa hannun jari ya faɗi da sulusi, sauran biyun suka tsaya yadda su ke. Wanda ya daidaita 25,000 ya rasa, wanda bai daidaita ba 32,000. Malaminmu yanzu yana da 125,000 da 50,000 da 50,000, jimla 225,000, kashi 30 na wannan kuwa 67,500 ne. Ƙa'idarsa ta ce ya ɗebo 12,500 daga sukuk, 5,000 daga na gajeren wa'adi, ya sayi hannun jari na 17,500, a daidai lokacin da kowa ke gudunsa. Nan ne wuyar abin ta ke, gama zuciya ta fi son ƙara wa wanda ya hau, ta guji wanda ya faɗi. Amma mai kiwo ya san wannan ciniki. Ya kan sayad da ragon da ya ƙosa gab da Layya sa'ad da ya ke da tsada, ya sayi hatsi da kaka sa'ad da ya ke da araha.

Kada a ɗauka daidaitawa tana ƙara riba ko yaushe. Da hannun jari ya ci gaba da hawa shekara biyu ko uku, wanda bai daidaita ba shi zai fi samu. Aikinta shi ne ta tsare mutum a kan gwargwadon haɗarin da ya zaɓa da hankalinsa kwance. Sau ɗaya a shekara ya isa, a tsai da rana sananniya, kamar bayan kaka ko farkon shekarar makaranta. Waɗansu kuma su kan ce ba za su taɓa ba sai wani kaso ya kauce da biyar cikin ɗari. Mai zubi wata wata yana da hanya mafi sauƙi, ya riƙa kai sabon zubi ga asusun da ya rage baya har rabo ya koma daidai, ba sai ya sayar da kome ba. Ita ƙa'idar kanta ba a sāke ta don jita-jitar kasuwa, sai in halin mutum ya sāke, kamar ƙaruwar iyali ko kusatowar barin aiki.

Abubuwan Da Za A Lura Da Su

Na ɗaya, tsadar kaya. A Disamba 2024 ofishin ƙididdiga na ƙasa ya ce farashi ya hau da kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. In asusu ya ba ka 20 a kan ɗari, kaya kuwa suka hau da 30, naira 120 ɗinka ba za ta sayi abin da 130 ke saye ba, ka ragu da wajen kashi 8 ke nan ko da ya ke lissafi ya nuna ƙari. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a barin kuɗin dogon lokaci duka a asusun gajeren wa'adi.

Na biyu, dala. A farkon 2023 ana canza ta a hukumance wajen naira 460, a Fabrairu 2024 ta haura 1,500, mutane suka yi ta rububinta. A Afrilu na shekarar ta sauko ƙasa da 1,200 kafin ta sake hawa, wanda ya saya da tsada ya sayar cikin firgita ya ji jiki. Ita ma kaso za a yanka mata, in za a sa ta.

Na uku, ladan manaja. Ko wace shekara a kan cire shi daga dukiyar asusu, ko an ci riba ko ba a ci ba, waɗansu kuma su kan yanki wani abu in mutum ya fita kafin 'yan watannin da aka ƙayyade. A tambaya tun kafin a sa hannu, a gwada na wannan da na wancan.

Na huɗu, macuta. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disamba 2016, CBEX ta yi haka nan a Afrilu 2025, dukansu kuwa da alkawarin riba mai yawa cikin wata guda suka jawo mutane. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A duba sunan asusu da na manajansa a jerin waɗanda SEC ta yi wa rajista, kuma kada a tura kuɗi ga asusun bankin wani mutum, ko da ɗan'uwa ne ko abokin aiki, sai ga wanda ke ɗauke da sunan shi asusun haɗakar.

Na biyar, hakkin Allah da na magada. In dukiyar ta kai nisabi, shekara ta zagayo mata, akwai zakka, sai a tambayi malamai yadda a ke fid da ita. A kuma adana takardu wuri guda, a sanad da wani amintacce a gida, don kada mutum ya tara wa 'ya'yansa abin da ba za su san inda ya ke ba.

Muna roƙon hedimastoci da malaman lissafi su ɗauki misalin nan na naira 200,000 su buga shi a allo, su bar yara manya su warware shi da kansu, su kuma tattauna shi a taron malamai. Yaron da ya taso yana ganin ubansa yana shuka gero da dawa a gona guda ba zai sha wuyar gane shi ba. Allah ya sa albarka a ɗan abin da a ke samu, ya kiyashe mu da kwaɗayi, amin.